Ranar da Waya Ta Ƙi Fuskata

Ni na fara saka manhajar banki a waya cikin duk masu zama a rumfar shayinmu ta unguwar Gumbihini, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Kayan gyaran babur nake sayarwa, karatuna bai yi nisa ba, amma a lokacin ji nake kamar ni na ƙera wayar. Duk wanda ya ce zai je banki sai in girgiza kai in ce, "Har yanzu layi kuke bi? Allah ya kawo muku wayewa."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, surukina ya biyo ta rumfar. Dattijo ne manomin shinkafa, ba ya da yawan magana, ni kuwa ina jin nauyinsa ƙwarai. Ya ce yana so ya ga abin nan da ake cewa na iya. Aka matso masa da benci, jama'a suka kewaye ni.

Na buɗe manhajar, ashe an sabunta ta. Maimakon lambar sirri, sai ta ce in nuna fuskata. Na nuna. Ta ce in ƙifta ido, na ƙifta. Ta ce in juya kai hagu, in yi murmushi. Haka na tsaya gaban uban matata, mutumin da ko ido ban taɓa yarda mun haɗa ba, ina kashe wa waya ido ina washe baki. Wayar ta ɗan yi jim, ta ce ba ni ba ne.

Na cire hula, ta ƙi. Na fita cikin rana, gumi ya keto mini, ta sake ƙi.

Mai shayi ya ce, "Alhaji, anya ka yi mata sallama kuwa?"

Ana cikin dariya ta kulle asusun gaba ɗaya. Surukina bai yi dariya ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce a hankali, "Allah ya daidaita tsakaninku."

Ranar Litinin na hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, na sauka nesa da banki don kada a gan ni. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta dubi hoton da ke cikin na'urarsu, ta dube ni, ta sake duban hoton.

"Baba, wannan ƙaninka ne?"

Ni ne. Ranar da aka ɗauki hoton na rina gemuna baƙi wuluk, kumatun nan kuma ba su iso ba tukuna. Ta ce kada in damu, na'urar takan rikice in haske bai ishe ta ba. Na yi mata godiya, duk da na san a tsakiyar rana na tsaya. Ta ɗauki sabon hoto, na ma tsuke tumbi alhali fuska kawai ake ɗauka.

Da na koma gida na nuna wa matata sabon hoton. Ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Wannan kam ba musu, kai ne." Ta ci gaba da tuƙa tuwonta.