Tayoyin Keken Lawali

Me ya hana ni takawa zuwa bakin ƙofar asibiti in tambaye shi? Tafiyar ba ta kai daga nan zuwa rijiyar can ba. Na tambayi kaina a cikin takaba, na tambaya bayan na fita, har yau ban samu amsa ba. Rubuta, Hafsatu, tunda ke Allah ya ba ilimin alƙalami. Ki karanta wa sababbin 'yan matan da aka ɗauka aiki. In kin ga ina share ido kada ki tsaya.

Ranar nan ba ta taɓa barin raina ba. Wata Talata ce, ƙarshen damina, a shekarun da muke fama da yaran da gubar dalma ta kama. Ina hidima a ɗakin yara na asibiti a Anka. Ga wanda bai san tsarin ba: likita ne a sama, sai Sista mai kula da ɗakin, sai malaman jinya, sai mu masu hidima a can ƙasa. Mu ne wanki, mu ne shara, mu ne riƙe yaro in za a ɗebi jininsa, mu ne zama da uwa in ta rasa mai lallashi. Shekarata tara a aikin a lokacin, ba a taɓa tambayar ra'ayina a kan komai ba.

Maigidana kuma, Allah ya jiƙansa, yana da rumfa a bakin ƙofar asibitin. Gyaran keke yake yi da facin taya. Kowa Baba mai faci yake ce masa, ni kuwa Malam nake ce masa.

Akwai wani yaro, Lawali, ɗan shekara uku, daga wani ƙauye can bayan Bagega. Gubar ta bar shi da rai amma ta tafi da ƙafafunsa, ko zama sai an tokare shi. Ƙa'idar aikin ita ce, yaron da aka sallama a riƙa dawo da shi ranar da aka rubuta masa a kati, a auna jini, a ba da magani. In aka yi ta tsallakewa, jijjiga tana iya dawowa, kuma mun sha ganin wadda ba a tashi daga ita ba. Uwarsa Saratu ta sake haihuwa. Baya ɗaya gare ta, 'ya'ya biyu. Daga ƙauyensu zuwa inda kabu-kabu ke tsayawa tafiya ce mai nisa a ƙafa, da rafi mai yashi a tsakiya.

Sai wasu masu taimako suka kawo keken tura yara guda biyu. Ɗaya namu, ɗaya za a wuce da shi Gummi a ranar, mota tana jira. Sista ta sa aka ajiye su a baranda, ta kira ni gaban malaman jinya duka.

"Inna Kulu, ke kika san hanyoyin ƙauye. Zaɓar wa Lawali."

Wallahi sai na ji kamar an naɗa mani rawani.

Na farko baƙin ƙarfe ne mai kauri, da ƙananan tayoyi huɗu na roba tauri, ba iska a ciki. Na biyu farin ƙarfe, tayoyi uku manya masu iska irin na keken yara, yana naɗewa kamar tabarma. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, sai na ji ba komai. Mu kuwa yadda aka koya mana sayen kaya ke nan: turmi, tukunya, fartanya, ki ɗaga ki ji nauyi, ki ƙwanƙwasa ki ji amo. Abin da ba shi da nauyi ba shi da ƙarko. Na ƙwanƙwasa baƙin, ya amsa. Na kuma tuna tsidau da ƙayar da ke hanyar, na ce taya mai iska ba za ta kwana biyu ba, kuma wa zai yi mata faci a daji?

Wata malamar jinya ta ce, "Inna, ba za ki kira Baba ya duba ba? Ga shi can."

Na hango shi, ya duƙa yana tsoma tib a ruwa yana neman huji. Na ce, "Keken goyo ne, ba na hawa ba. Wannan maganar mata ce." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na dafa baƙin. Sista ta rubuta a takarda, aka ɗora farin a mota.

Da aka fito da baƙin za a ɗaure a bayan babur, ɗan kabu-kabu ya yi ta ƙorafi, wai injin niƙa aka ba shi. Malam ya taso ya taya shi ɗauri. Ya juya taya ɗaya da yatsa, ya ƙarasa ɗaurin. Sai da muka koma gida ya ce, "Kulu, wanga keke na siminti ne. Ƙaramar taya haƙa yashi takai, ba hawa ba."

Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗi tun can?"

Ya ce, "In kunyata ki gaban Sista?"

Ranar katin Lawali ta zo, ba su zo ba. Ta biyu ta zo, shiru. Ni ke share gadon da yake kwanciya, kullum sai na tsaya a kansa. Daga baya ɗan kabu-kabun nan ya kawo saƙo: keken ya nutse a yashin rafi, Saratu ta ja shi da goyo a bayanta har tayar gaba ta karye, ta mayar da yaron gida a kafaɗa. Ya ce kuma yaron ya fara ƙin abinci, idonsa yana juyawa. Mun san abin da ke bin bayan wannan.

Sista ba ta ɗora mani laifi ba. Da ma ta yi faɗa.

Malam ya bar ni na yi kukana. Washegari ya ciro tayoyi daga wani tsohon keken yara da ke rataye a rumfarsa, ya sa sababbin tib, ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa a ciki saboda ƙaya. Ashe ƙayar da na ji tsoro tana da magani, a hannun mutumin da nake dafa wa tuwo. Ya kai wa mai walda ya haɗa masa sandar da za ta riƙe su. A lokacin hanyar ta fara lalacewa, ana tare mutane jefi-jefi. Na ce ya aika da ɗan kabu-kabu. Ya ce ɗaurin yana son mai hannu, in aka karkata shi yaron zai kife.

Ya tafi ranar kasuwa da safe. Ya isa lafiya, ya ɗaura tayoyin, har ya tura Lawali ya zagaya gida da shi. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su, su uku a kan babura biyu. Mutum ɗaya ya tsira. Da yamma aka kawo mana shi a bayan mota, da sifana a aljihunsa.

Kwana uku bayan nan, muna zaman makoki, sai na ji ana sallama. Saratu ce, da jaririya a baya, tana tura keken a kan manyan tayoyinsa, Lawali a ciki an tokare shi da zane. Daga asibiti take, an auna shi, an ba shi magani. Labari bai kai ƙauyensu ba, a asibiti ma an kasa gaya mata. Ta riƙo kaza a hannu.

"Inna, ina Baba? Rumfa tai a rufe. Wallahi bisa yashi kamar bisa ruwa, ko tsayawa ban yi ba."

Sai ta ga tabarmi, ta ga mata. Kazar ta kuɓuce mata.

Lawali bai sake tsallake ranar kati ba. Yana nan da ransa, an ce yanzu yana jan jiki ya fita ƙofar gida da kansa. Nakan ce alhamdu lillahi, kuma da gaske nake. Kwanan Malam ne ya ƙare, na sani. Amma sanin bai hana ni tambaya ba.

Ku 'yan baya, ga abin da aikin nan ya koya mani. Kayan da za a ba mai jinya, ba a zaɓensa a kan simintin baranda. Ku tambayi hanyar da zai bi, da wadda za ta tura, da abin da ke bayanta. Kuma ranar da aka girmama ku aka ce ku zaɓa, ranar ce kuka fi bukatar tambaya. Mai sanin yana iya kasancewa a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai.

Da safen da Malam zai tafi, na biyo shi har zaure ina cewa ni na jawo. Ya rataya tayoyin a kafaɗa, ya juyo yana murmushi.

"Haba Kulu, bar kuka bisa taya. Ke kin ji tsoron ƙaya, ni na san yashi, in an haɗa mu ai keke ya tashi. Aje mani furata cikin inuwa, kahin la'asar ina nan."