Mahujin da Ya Karye a Ƙofar Gari

A gidanmu na tsohon Birnin Gwari, da an idar da magariba sai mu kewaye Iya, kakarmu, a bakin murhu, tana gasa mana doya a toka tana ba mu tatsuniya. Gidan maƙera ne, har zannuwanta warin gawayi suke yi. Wata ranar sanyi muka roƙi ta Gizo, ta ce yau babu Gizo, labarin wasu maƙera biyu za mu ji, wa da ƙane.

Ta ce wan yana da mahuji uku, ƙarafan da ake huda abu da su. Na huda itace dogo ne, ana sa shi a wuta ya yi ja, a ƙona rami a ƙotar fartanya. Na ƙarfe siriri ne mai tsini, ba ya shiga sai ƙarfen ya yi zafi. Na dutse kuwa gajere ne mai kauri, a doka, a juya, a zuba ruwa, ramin ɗan yatsa sai ya ci yini guda.

Wata shekara labari ya zo cewa mahara sun shigo daji, ƙyauren ƙofar gari kuma ya faɗi. Aka kira su su huda dutsen gindin ƙofar, a kafa ƙarfen da ƙyauren zai riƙa juyawa a kansa. Sai da suka isa suka ga an baro mahujin dutse a maƙera. Wan ya ce a koma a ɗauko. Ƙanen ya dubi rana, ya dubi matan da ke shigowa da yara a goye, ya zaro na ƙarfe.

Nan Iya ta sauke murya, ta kwaikwaye shi. "Yaya, ƙarfe ai ƙarfe ne. Riƙe mini kawai."

Wan ya durƙusa ya riƙe da awartaki. A bugu na uku mahujin ya tarwatse. Tsinin ya shige masa ido ɗaya, ciwon ya kama ɗayan, kafin damina ya daina gani. Maharan kuwa ko kusa da garin ba su zo ba.

Yayata Ladi ta tambaya ko an kori ƙanen daga gari. Iya ta juya doya, ta amsa.

"Yana zaure yanzu. Shi ne kakanku."

Doyar hannuna ta faɗi cikin toka. Kakanmu, wanda ko kaza ba ya iya yi wa tsawa! Makahon tsohon da kakanmu yake jan sandarsa zuwa masallaci sau biyar a rana, muna ce masa Baba Babba, ashe shi ne wan. Na kasa haɗa ido da kowannensu har kwana uku.

Da na girma na gaji maƙera, na ɗauka darasin bai wuce kowane aiki da kayansa ba. Gaskiya ne, har yau ba na bari a kai mahujin ƙarfe kan dutse, ko da wuta ce ta kama gari. Sai bayan rasuwar tsofaffin biyu Iya ta gaya mini cewa kakanmu ne da kansa ya sa ta ba mu labarin, don shi bakinsa ya kasa. Baba Babba kuwa, a duk shekarun da ya yi cikin duhu, duk wanda ya tambaye shi abin da ya sami idonsa, cewa yake yi shi ne bai riƙe awartakin da kyau ba.