Zaure Arba'in

Ni dai lissafina bai taɓa wuce yatsuna ba, amma ranar da anka tambaye ni adadi sai na amsa kamar alƙali. Wautar nan har yau tana cina.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, anka kawo taimakon hatsi Tsamaye. Kwana uku kafin rabo kowane magidanci ya je ya ba da sunansa, wata malama ta shigar a kwamfuta. Ni maƙeri ne, aji biyu na yi na gudu, amma Allah ya ba ni maƙogwaro, don haka anka ce ni za ni kiran sunaye.

Ranar rabo batirin kwamfutar ya kusa ƙarewa, ga mutane sun matso har suna taka buhuna. Malama na share gumi ta ce, "Baba, in na ce ta zubo sunaye duka, mutuwa za ta yi a hannuna. Gida nawa ne unguwarku? In gaya mata inda za ta tsaya."

Na rufe ido na bi unguwa zaure bayan zaure, yadda muka gaji ƙirga gida. "Arba'in cif."

"Ka tabbata?"

"Ɗiyata, rabin ƙofofin nan ni na ƙera su."

Ta buga arba'in. Ashe daga wanda ya rubuta ƙarshe take farawa ta yi baya. Na kira arba'in, buhu arba'in sunka tashi, direba ya ja tamfol.

Sai na hango dattijon rugar bayan gari tsaye da igiyar ɗaure buhu. Shi da mutanensa sun riga kowa rubutawa, da sassafe kafin fita kiwo, sai sunka faɗa ƙasan jerin. Ruga kuwa ba ta da zaure. Shanu uku sunka rage masa, ga bakuna goma sha.

Na ruga wurin malama. Ta juyo mini gilashin kwamfutar, baƙi ƙirin, ta mutu. "Abin da ta nuna shi anka sa wa hannu, Baba." Mota ta tashi.

Dattijon nan Bafillace, abokin wasana ne, bai taɓa ganina bai ce "bawana" ba. Na matsa kusa da shi. "Bafillace, yau ba zagi?"

Ya naɗe igiyar a hannu a hankali, bai dube ni ba.

"Maƙeri, da ka gaya min zaure ake ƙirgawa, da na gina ɗaya."