Katakon Zanen Yayana

Yayana malamin zane ne a wata makarantar sakandare a Kebbe, amma a gida bai taɓa zana mutum ko dabba ba. Da'ira yake yi cikin murabba'i, wata da'irar cikin waccan, sai layuka masu gudu zuwa ɗigo ɗaya a tsakiya. A kan katako yake aiki, da shuɗin fenti da jar ƙasar da yake tankaɗewa ya kwaɓa da ƙaro.

Na taɓa tambayarsa, "Yaya, mi kaka zanawa haka?"

Ya yi dariya. "Abin da nika ji in na idar da wuridi. Ba shi da fuska, auta, tsari gare shi."

Bayan na yi aure a Tambuwal, ciwon suga ya taɓa masa ido. Duk Asabar nakan shiga mota in je, in riƙa miƙa masa launin da ya ambata. Da ƙusa da zare yake fitar da da'ira. Wata rana ƙusar ta goce bai sani ba, bakin layin ya wuce ɗan'uwansa da faɗin yatsa biyu.

"Ta haɗu?" in ji shi.

"Ta haɗu, Yaya."

Ya bi ɗanyen fentin da yatsa har inda ya karkace.

"Ashe ke ma kin fara tausayina."

Ya sa na wanke masa buroshi. Bai sake neman shi ba, ni kuma kunya ta hana ni ba shi haƙuri. Na yi ta cewa sai Asabar mai zuwa, har Allah ya karɓi abinsa a tsakiyar damina.

Ranar sadakar arba'in na tambayi matarsa zanukan. Ta sunkuyar da kai, ta ce ruwa ya kayar da shingen garken awaki, dangi daga Fakku suka gyara da abin da suka samu a ɗaki. Na zagaya wajen garken. Guda huɗu cikin zanukan na gani, an kafe su da ƙusa a shingen, ruwa ya wanke jar ƙasar, saura shuɗin.

Ban yi faɗa da kowa ba. Ba mugunta suka yi ba, katako mai kyau suka gani. Na tsuguna a gefen garken na yi kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza, har matarsa ta zo ta kama hannuna muka koma ciki.