Ungozomar Kifi Ta Ajiye Aiki

Kafin ɗalibai su iso ɗakin gwaje-gwaje, ita ta riga ta kunna fitilun tankuna, don 'yan kifayen nan sai sun ga haske suke saka ƙwai. Ta tace ƙwan da rariya, ta juye a faranti, ta zauna gaban madubin ƙara girma tana tsince matattun kada su ɓata masu rai. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Ungozomar Kifi. A watan nan take ajiye aiki, kuma har yau ba ta gane abin da ake nema a cikin ƙwan ba.

Farkon zuwanta ta tambayi Farfesa, shugabar ɗakin.

"Akwai sinadaran da ke gyara sukari a jikin ɗan tayin kifi," in ji Farfesa. "Muna duba wanne ke kama aiki, kuma yaushe."

Kalmar sukari kaɗai ta riƙe. Maigidanta na fama da ciwon sukari, sai ta koma gida da albishir: "Malam, kwantar da hankalinka, maganinka muke haɗawa." Daga ranar, duk sanda ta dawo sai ya ce, "Ya kifayenmu? Sun kusa?"

Mai gyaran lantarki ya ba ni labarin ranar da akwatin ɗumama ƙwai ya lalace, alhali ƙwan wata ɗaliba mai shirin kammala digiri na ciki. Ya shigo da kayan aikinsa, ya tarar da Ungozoma a kujera, ta rufe farantan ta rungume su a cikinta ƙarƙashin mayafi. Ko tari ba ta yi ba har ya gama. Ƙwan ya rayu.

Bayan rasuwar maigidan ne ɗalibar ta je gaisuwa, ta ji Ungozoma na cewa ba su yi saurin haɗa maganin Malam ba. Sai ɗalibar ta matso kusa da ita.

"Inna, ai ba wannan sukarin ba ne. Wani ne daban, a jikin ƙwayoyin halitta yake."

"Sukari iri biyu ne?"

"Ya fi biyu ma."

Da ta fita takaba, ofishin Farfesa ta fara shiga. "Ranki ya daɗe, to wa zai warke da aikin nan?"

Farfesa ta ajiye biro. "Ban sani ba, Inna. Wataƙila jaririn da ba a haifa ba tukuna. Wataƙila ba kowa."

Ta fito kanta a ɗaure. Ga shi an gaya mata gaskiya, amma gaskiyar ba ta da inda za a kama. 'Yarta ta ce ta haƙura da aikin, me ya rage?

"Ni ma ban sani ba," ta ce, tana neman takalminta. "Amma ƙwai ba ya jira sai an gane shi."

Inna, ke ce hannun da ba a gani a hoto. Kin riƙe amanar abin da ba a iya yi miki bayaninsa ba, kafin ki san ba maganin Malam ba ne da bayan kin sani. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan Malam. Mu kuwa da ke cewa sai mun ga amfanin aiki kafin mu kyautata shi, mu dubi matar nan mu ji kunya.