Caji ya kai mu suna a bayan Bici

Mun tashi da asuba daga Rijiyar Zaki, ni da gwaggona, ita da ƙullin kayan barka, ni da fawa banki na cajin waya a aljihu ina ta shafa shi. Jama'a, ni na haɗa abina da hannuna! Batiran tsohuwar laftof na ciro, na gwada su, na jera masu rai a cikin gidan sabulu na roba, na sa masa 'yan fitilu huɗu masu nuna ƙarfi. A bidiyo na koya.

Matar yayana ce ta haihu a ƙauyensu, can bayan Bici, shi kuwa yana Saudiyya yana aikin gonar dabino. Ya ce ba zai aiko da suna ta bakin kowa ba, sai ya ga 'yarsa a bidiyo ya faɗa da kansa, a ɗan hutun da ake ba su da hantsi. A dangi kaf wayata ce mai bidiyo, batirinta kuma ya tsufa, ga unguwarmu ba wuta. Wato rago, liman da mutanen gari, duk suna rataye a gidan sabuluna.

A tasha kuɗin mota ya ƙaru, aka cusa mu kamar buhuna. Soket ɗin direba ya daɗe da mutuwa. Muna hawa titin Katsina na yi kuskuren fito da abin don in yi wa na kusa da ni bayani. Ai shi ke nan. Wani dattijo ya miƙo 'yar wayarsa: "Ɗana, sam mini ko kaɗan ne." Sai wata baiwar Allah za ta dubo mara lafiya, sai yaron mota. To wa zai hana? A nan caji kamar ruwan sha ne, ba a cewa babu alhali ana gani a hannunka. Ina murmushi, fitilu na mutuwa. Gwaggo ta zungure ni: "Kai dai bakinka ba ya rufuwa."

Hanya kam gwanin kyau. Kaka ta yi, an yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, gona na manne da gona, ba ka rabuwa da gidaje. Amma rabin kallona a aljihu yake. A Bici Gwaggo ta tsaya sayen ƙosai. Na kashe data, na rage hasken fuska, na hana kaina taɓa waya. Ku riƙe wannan, yana ja wa batiri rai sosai. Daga nan muka hau babura, rairayi na kama taya, fitila ɗaya ta rage tana ƙyafta.

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro, rago a ɗaure, liman na duban rana. Mai cajin garin kuwa ya rufe rumfa ya tafi gona. Sabis kuma ba ya kamawa sai a kan rumbun tsakar gida. Na hau tsani, na jona waya, Gwaggo ta naɗo jaririya a zane ta ɗago ta daga ƙasa.

Kira ya shigo. Yaya ya ga 'yarsa, sai idonsa ya cika da hawaye. Fitila ta mutu, batirin waya ya fara nuna ja. Na ce, "Yaya, don Allah sunan! Ka yi kukan daga baya!" Ya share fuska ya ce, "Sunan Inna za a sa." Fuskar waya ta yi baƙi.

Na fito ƙofar gida, liman ya ce, "To, me ya ce?" Na ce sunan mahaifiyarmu mai rasuwa. Ya ce, "Wane suna ke nan?" Sai bakina ya yi nauyi, don tun da nake ban taɓa kiran sunanta ba. Kawu, yayanta, ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Hauwa'u." Aka shafa fatiha, aka kwantar da rago.

Da yamma muka dawo gida, waya a mace, Gwaggo na gyangyaɗi da ƙullin nama a cinya, har ta fara kiran yarinyar Ummi. Abin da tafiyar nan ta koya mini: ba zan iya hana mutum caji ba, kuma ba na so in koya. Don haka biyu zan haɗa. Ɗaya na mutanen mota, ɗaya kuma a ƙasan jaka, wanda ko ni ba zan ba da labarinsa ba sai mun isa.