Kumburi a Hannun 'Yata

Shekarar da surukina ya kwanta da tarin fuka, muna zaune a unguwar Bulabulin, a babban gidansu. Mijina falken shanu ne, rabin shekara a hanyar Cadi yake yin ta. 'Yata tana da shekara uku a lokacin, kuma ba ta da aboki sai tsohon. A jikinsa take barcin rana, a kofinsa take kurɓar shayi, ko na hana.

Da aka kwantar da shi a asibiti, aka ce a kawo yaran gidan a duba. Ni kaɗai na kai tawa. Nas ta yi mata 'yar allura a fatar hannu, ta zagaye wurin da biro, ta ce kada a sosa, mu dawo bayan kwana uku. Kafin ranar, wurin ya tashi ya yi ja, da tauri kamar an cusa ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fata.

Likita ya shafa da yatsa, ya auna da 'yar rula, ya ce taurin yake dubawa, ba jan ba.

Na ce, "Likita, ai an yi mata rigakafi tun tana jaririya, ga tabon a kafaɗarta. Ba shi ba ne?"

"Rigakafin yakan ɗan tayar da wurin," in ji shi, "amma bai cika kai wa haka ba. Kuma kin ce a jikin kakanta take barci."

Aka ɗauki hoton ƙirjinta, ya fito fes. Ya ce ba ta da ciwon, ba kuma za ta sa wa kowa ba. Ƙwayar cutar ce ta shiga jikinta ta lafe. A wasu har tsufa ba ta motsawa, amma a ƙaramin yaro in ta tashi tana iya kai wa ƙwaƙwalwa. Akwai maganin da za ta sha kullum, wata shida, sai dai yakan taɓa hanta. In na ga idonta ya yi rawaya ko tana amai, in dakata in kawo ta.

"Ko ki jira ubanta?"

Na ce a ba ni.

Yayan mijina, wanda gidan ke hannunsa, yana zaure muka dawo. Na durƙusa na yi masa bayani. Ya dubi yarinyar tana bin ɗan akuya da gudu.

"Wannan ce za ki ɗura wa maganin masu tari? So kike unguwa ta ce duk gidanmu ya kamu? Muna da 'yan mata ba a aurar ba. Kawo maganin nan."

Na ƙara danne ƙullin maganin a cikin lafayata.

"Yaya, ku yi haƙuri. Ba zan bayar ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan bayar ba. In ubanta ya dawo ya hana da bakinsa, sai mu yi magana da shi."

Ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba sai ranar. Ban kuma saukar da idon ba.

Washegari matan gidan suka ware wa 'yata kwano. Ban yi musu gardama ba, ban kuma ɓuya a ɗaki ba. Kowace safiya a tsakar gida nake shimfiɗa tabarma, in murƙushe ƙwayar da bayan cokali, in zuba a kunun gyaɗa, in buɗe idonta a hasken rana in duba, kowa yana kallo.

Sau ɗaya ta yi amai da zafin jiki. Surukata ta tafa hannu ta ce da Kanuri ga abin da ake gudu. Na tsorata ƙwarai. Na goya ta muka hau tasi zuwa asibiti. Zazzaɓin sauro ne, hantarta lafiya lau. Da ta warke muka ci gaba.

Mijina ya dawo bayan damina, tun a zaure aka kai masa ƙarata. Ya shigo bai ko cire takalmi ba, ya ɗauki yarinyar ya juya ta.

"Saura wata nawa?"

"Biyu."

"To, a ƙarasa."

Muka ƙarasa. Tsohon ma ya dawo gida a rame, ya ƙara shekaru a duniya. Yaya kuwa bai amsa gaisuwata ba har babbar salla. Ni dai ban fasa ba, kullum sai na durƙusa na ce masa wushe, gaisuwarsu ta Kanuri, in tashi in kama aikina.